Ɗalibin Isa Saura-Kaɗan

A shekarun da ake aikin dam ɗin Bakolori, da wuya ka sami saurayi tsakanin Talata Mafara da Maradun wanda bai sa wa ransa zama direba ba. Tifofi ne ke kai da kawowa tun daga hantsi har la'asar sakaliya, ɗauke da yashi da tsakuwa, direbobinsu sun ɗora gwiwar hannu a taga suna kallon masu jakuna kamar ba ɗiyan mutane ba. Wanda bara yake korar tsuntsaye a gonar gero, bana sai ka gan shi da tawul a wuya yana tambayar inda ake koyon sitiyari.

Wannan ƙishirwa ita ta tayar da Isa daga zaman banza. Isa direba ne na gaske, ko maƙiyinsa bai hana shi wannan ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana jan babbar mota tsakanin Gusau da Sakkwato bai taɓa take ko kaza ba, har ciwon baya ya sauke shi daga doguwar hanya. Abin da ya rage masa na sana'a shi ne gawar wata akori-kura a bayan gidansa a Mafara, ba inji, ba tayoyi, an ɗora ta bisa duwatsu huɗu, kaji na ƙwai a cikinta. Sai dai sitiyarinta na juyawa, giya na shiga, birki da totur da kuloci duk suna nan ana taka su. Isa ya kori kajin, ya share wurin, ya sa aka rubuta masa allo cewa nan makarantar koyon tuƙi ce.

Yadda karatun ke tafiya, ɗalibi ya zauna a kujerar direba, Isa ya zauna gefensa yana yin kukan inji da baki. In an taka totur ya ɗaga murya, in an saki kuloci da gaggawa ya shaƙe ya yi shiru, alamar mota ta mutu. In mutum ya yi wata uku yana tafiya a bisa duwatsun nan, sai ranar Juma'a da tifofi ke hutu Isa ya aro ɗaya wurin wani abokinsa, a fita fili bayan gari a taɓa ta gaske.

Aibin Isa ɗaya ne, bakinsa bai iya ce wa mutum ya kasa ba. Ɗalibi ya sa ribas a maimakon lamba ɗaya, Isa ya ce ai manyan direbobi duk da haka suka fara. Ɗalibi ya juya hagu an ce masa dama, Isa ya ce wannan hannu na direba ne, saura kaɗan. Da mai basira da wanda kansa ya fi dutsen niƙa tauri, kowa saura kaɗan, har sunan ya bi shi, yara da manya suna ce masa Isa Saura-Kaɗan, shi kuwa yana amsawa da murmushi.

In an tambaye shi dalili yana da amsa a shirye. Shi a hannun Bawa na Maradun ya koyi mota, mutumin da ya yi shekara biyar yana koya masa bai taɓa ce masa madalla ba, kullum sai kan kabewa, sai hannun kuturu. Isa ya ce tun lokacin ya yi alkawari ba zai karya zuciyar ɗan kowa ba. Akwai dalili na biyu, cewa zaƙin baki shi ke cika masa benci da ɗalibai, amma wannan ba ya faɗarsa ko ga kansa.

Ana cikin haka Mamuda ya zo daga Bakura. Mamuda wan matar Isa ne, Taibatu, ciki ɗaya. Magidanci ne mai shekara arba'in da 'yan kai, manomi kuma mai sayar da albasa, ƙato mai faɗin ƙirji da son a ce ya iya. Gonarsa ta faɗa cikin filin da ake bajewa don noman rani, damina biyu bai yi shuka ba, zaman ya ishe shi. Ya iso da buhun shinkafa da kwandon albasa, aka yi doguwar gaisuwa a zaure, aka tambayi gida da iyali da gajiya da mutanen Bakura ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya ce ya zo ne mijin ƙanwarsa ya mai da shi direba. Ya ce shi da ya iya da shanun huɗa guda biyu masu taurin kai, ƙarfe ba zai gagare shi ba.

Isa ya ce ai Yaya Mamuda ko tafiyarsa ta direbobi ce.

Tun ranar farko Isa ya gane abin da Allah ya haɗa shi da shi. Ya koyar da marasa kai da dama, amma Mamuda daban ne. Ƙafarsa ba ta san bambancin birki da totur ba, duk wanda ta fara tararwa shi za ta danne har ƙasa. Sitiyari kuwa riƙon ƙahon sa yake yi masa. Abin da ya fi duka, in Isa ya ɗaga kukan inji ya ce ga jaki nan ya shigo hanya, sai Mamuda ya runtse ido gam ya kama salati, ba zai buɗe ba sai an ce masa jakin ya wuce. A cikin motar da ke bisa duwatsu ke nan, jakin ma na baki ne.

Sati ya wuce, wata ya wuce. Kullum in an tashi Mamuda ya tambaya yaya aka gani yau, kullum Isa ya ce yau ta fi jiya. Sauran ɗalibai da ke jiran layi a benci su sunkuyar da kai suna cizon leɓe.

Taibatu na ganin komai ta saman katanga in tana shanya. Mace ce marar yawan magana, amma in ta yi ba ta zagaye. Wata rana da azahar ta ajiye wa Isa abinci, ta zauna nesa kaɗan, ta ce masa Yaya bai iya ba kuma ba zai iya ba, ita da ba ta taɓa shiga gaban mota ba ta gani, balle shi. Ta ce ya gaya masa tun da sauran mutunci, ya koma Bakura, an ce an fara raba filayen da aka gyara.

Isa ya ce ita ba ta san koyarwa ba, ɗalibi kamar dashen albasa yake, sai da lallashi. Ya ce kuma ta yaya zai dubi tsabar idon wan matarsa, wanda ya girme shi, wanda ya tsaya a kan aurensu, ya ce masa ka kasa? Akwai kunya.

"Kunya ce, ko shinkafar Bakura?" in ji Taibatu.

Isa ya ce tuwon ya yi daɗi ƙwarai, ya ci gaba da ci.

Ranar Juma'ar da aka fita da tifa ta gaske, Isa ya zaɓi fili mafi faɗi a bayan gari, inda ba rijiya, itace ma ɗaya ne tak, ya kori har awakin da ke kiwo. Mamuda ya hau, motar ta yi tsalle uku kamar an tsikari doki, ta mutu. A karo na biyar ta tafi. Suka zagaya filin sau biyu a giya ta ɗaya, hannun Isa na ƙarƙashin sitiyari yana gyarawa a ɓoye, ɗaya hannun na kan birkin hannu. Da suka nufi wani kargo guda ɗaya tilo da ke can gefe, Mamuda ya runtse ido, Isa ya ja birkin da duk ƙarfinsa, motar ta tsaya saura taku biyu. Mamuda ya buɗe ido ya ga sun tsaya, ya dubi ƙafarsa da mamaki, ya ce ashe birkin ma da kansa yake zuwa wa mutum in ya saba.

Nan ne wurin faɗin gaskiya, Isa ma ya san haka, don gumi ya jiƙa masa riga har baya. Ya buɗe baki, ya ga fuskar Mamuda tana walƙiya kamar ta ango, sai ya ji kansa yana cewa tsayawa irin wannan sai wanda ya shekara a hanya.

Mamuda bai ƙara kwana a Mafara ba. Ya koma Bakura ya shaida wa gari cewa ya sauke karatu. An ba shi filinsa na noman rani a sabon rabo, ya ce wa ƙaninsa ya noma ya ci, shi ya bar tona ƙasa. Ya sayar da jakinsa, ya ɗinka kaki riga da wando, ya sayi baƙin tabarau da tawul. A majalisa ya riƙa yi wa dattawa bayanin giya da kuloci, yana kwatantawa da carbi. Bayan kwana goma ya aiko wa Isa cewa ya ji Alhaji Nagode, ɗan kwangilar da ke jigilar yashi kusa da Maradun, yana neman direbobi, za a yi gwaji ranar Litinin, kuma yana son malaminsa ya zo ya ga abin da ya shuka.

Isa ya san wanda ke yi wa Alhaji Nagode gwajin direbobi. Bawa ne, tsohon maigidansa.

Ranar Litinin ya bi motar farko zuwa Maradun, ya riga kowa isa garejin. Ya tarar da Bawa zaune bisa wata tsohuwar taya, ya tsufa, gemu ya yi fari, amma idon nan na nan kamar na shaho. Isa ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya tambayi jiki da iyali da aiki, Bawa na amsawa da ka. Da gaisuwa ta ƙare Isa ya matsa kusa, ya rage murya, ya ce akwai wani ɗalibinsa da zai zo, surukinsa ne, mutumin kirki, sai dai hannunsa bai gama nuna ba. Yana roƙon in ya zo a ce masa gurbi ya cika, ya dawo baɗi. Ta haka ba wanda zai ji kunya.

Bawa ya dube shi. Ya ce tifa uku na nan tsaye ba direba, duk wanda ke da ido ya gan su, shi kuma bai kai shekara sittin yana faɗin abin da ya gani ba don yau ya ari bakin wani ya yi ƙarya.

"Kai ka dafa, kai za ka ci," ya ce. "Ɗalibanka biyu sunka zo nan watan jiya. Ɗaya ya tafi da ƙofar gareji, ɗaya ya kusa tafiya da ni. Tun ran nan na yi doka, ɗalibin Saura-Kaɗan ba ni shiga mota tare da shi. Malaminsa ka shiga. Allah ya kawo ka da ƙafarka."

Ana cikin haka sai ga motar haya kiya-kiya ta tsaya a bakin gareji. Mamuda ya sauko cikin kaki da tabarau, bayansa mutanen Bakura goma sha biyu, abokai da 'yan'uwa da wani mai kalangu da ba wanda ya gayyace shi. Mamuda ya rungume Isa ya nuna shi ga jama'a, ya ce wannan shi ne malamin da bai taɓa ganin kuskure a hannunsa ba.

Gwajin ba wuya a wurin direba. A fita daga gareji da tifa mai rabin lodin yashi, a gangara hanyar da ta nufi sabon kanal, babbar hanyar ruwan da ake haƙawa, a zagaya wani durom da aka kafa kafin a kai bakinsa, a dawo. Gefen dama na gangaren akwai rumfar mata masu sayar wa leburori shinkafa da wake. Gefen hagu ba komai sai kanal, da laka a cikinsa.

Isa ya hau ya zauna, ya kai hannu wurin birkin hannu. Bawa ya leƙo ta taga ya ce masa na wannan motar ya daɗe da sakewa, sai an kai ta wurin makaniki, amma birkin ƙafa lafiya lau, ai ɗalibinsa ya san inda yake.

Motar ta tashi a karo na uku. Mai kalangu ya saki kiɗa. Suka fita ƙofa da ƙyar, madubi ya shafi ginshiƙi, Isa ya ce ba komai, ginshiƙin ne ya cika matsowa. Da suka hau gangare nauyin yashi ya fara tura su. Isa ya ce a taɓa birki kaɗan, Yaya. Mamuda ya danne totur. Motar ta yi gurnani ta zabura. Isa ya ce ɗayan, Yaya, ɗayan. Mamuda ya ɗaga ƙafa, ya nemi ɗayan, ya sake samun totur. Durom ya taso musu, rumfar mata na bayansa kaɗan ta dama, Isa ya waiga ya ga ɗalibinsa ya runtse ido yana salati.

Abin da ya riƙe wata uku a maƙogwaro ya fito gaba ɗaya, ba gaisuwa ba sakaye.

"Yaya Mamuda, ba ka iya ba! Ba ka taɓa iyawa ba, ko ran nan ni na ja birki. Buɗe idonka!"

Mamuda ya buɗe ido. Ya saki sitiyari da hannu biyu, ya juyo gaba ɗaya ya fuskanci Isa, ƙafarsa na nan inda take.

"Mi kac ce? Ni kake gaya wa haka, kai da na ba ƙanwata?"

Isa bai tsaya ba da amsa ba. Ya faɗa kan cinyar surukinsa ya cafke sitiyari, ya murɗa hagu iya ƙarfinsa. Suka ɗebe durom, matan rumfa suka watse da ludayi a hannu, tifa ta bar hanya ta gangara bakin kanal, ta dasa hanci cikin laka ta tsaya, yashin baya ya zubo bisa rufin. Kiɗan kalangu ya ɗan ci gaba kafin mai shi ya fahimci ba cikin gwajin ba ne.

Mamuda ya fito ba ko ƙwarzane, tabarau kawai ya rasa. Isa aka zaro da karyayyen ƙashin kafaɗa da giɓin haƙora biyu na gaba. Aka kwantar da shi a bakin kanal. Bawa ya gangaro a hankali da sandarsa, ya fara zagaya motar ya duba ta gaba da baya, ya ƙwanƙwasa taya, sa'an nan ya zo ya tsaya kan Isa.

"Wanga murɗi na ƙarshe da ka yi, na direba ne," ya ce. "Sauran aikinka duk na maƙaryaci ne."

Yabon da Isa ya jira tun yana yaron mota ke nan, ya zo masa yana kwance yana tofar da jini, kuma da wutsiya.

Aka jawo tifar da katafila kafin la'asar, ba ta yi wani mugun rauni ba. Alhaji Nagode da ya ji labari ya ce daga yau ko inuwar ɗalibin Isa kada ta gitta ƙofar garejinsa. Mutanen Bakura suka koma cikin kiya-kiyarsu ba mai tari. Kafin sati ya zagayo, daga Bakura har Jangebe ba mai ce wa Mamuda komai sai Direban Kanal.

Taibatu ta kira maɗori ya ɗaure kafaɗar, ta riƙa dama masa kunu tunda tauna ta gagara. Kwana huɗu ba ta ce masa uffan a kan maganar ba, wannan shirun ya fi karayar ciwo. A na biyar Isa ya gaji ya tambaye ta ko fushi take yi saboda an kunyata Yaya. Ta ce Yaya da son a yabe shi aka haife shi, ya sami rabonsa. Abin da ke damunta daban ne.

"In za ka iya duban Yaya wata uku kullum kana yi masa ƙarya, kana murmushi, ni da muke tare shekara goma sha biyu, mi kake gaya mani?"

Isa a lokacin sabon tuba ne, ga zafin ciwo, ga maganar Bawa na yi masa yawo a kai. Ya ce tunda ta tambaya zai faɗa. Miyar kukarta ruwa ce tsararo, tun suna amare haka take, shi ne yake cewa ta fi ta kowa. Atamfar da ta saya da Sallah, wadda ya ce ta yi mata kyau, ta sa ta yi kama da katifa. Kuma ba gaskiya ba ne cewa yana jin daɗin zuwan gwaggonta.

Taibatu ta saurara har ya gama. Ta ce madalla, yau ta san da wa take aure. Sa'an nan ta ce tunda an buɗe kasuwa ita ma tana da kaya. Labarin da yake bayarwa na yadda ya tsere wa 'yan fashi a hanyar Gusau, da fari su uku ne, bara sun kai tara. Kukan injin da yake yi da baki, maƙwabta sun daɗe suna tambayarta ko bunsurunsu ba shi da lafiya. Kuma ciwon bayan nan, ta lura ba ya tashi sai ranar da za a gyara katanga.

Kwana biyu ba su yi wa juna magana ba sai ta bakin ƙofa. A rana ta uku miya ta zo da kauri har cokali na tsayawa, Isa ya sha ya ce gishiri ya ɗan yi yawa, ta ce ta sani, da gangan ne.

Da ya warke ya koma makaranta da giɓinsa, ya tara ɗalibansa goma sha huɗu, ya bi su ɗaya ɗaya. Ya ce wa tara su koma gida, wannan ya koma ɗinki, wancan ya koma gona, wani kuma ya ce masa ko keke aka ba shi ya nemi mai riƙe masa. Biyu suka zage shi, ɗaya ya yi kuka, uban wani ya zo har zaure ya ce ai da can an ce saura kaɗan. Isa ya ce da can ƙarya yake yi. Uban ya juya ya tafi, don bai taɓa jin mutum ya amsa wannan da bakinsa ba.

Sai dai wanda ya daɗe da yunwa ba ya sanin ƙoshi. Isa ya ɗauki gaskiya ya shiga gari da ita kamar mai tallan magani. Ya gaya wa wanzami askarsa ba ta da kaifi, ya gaya wa mai shayi madararsa ta ga ruwa, ya tare wani maƙwabci da ba abin da ya haɗa su ya shaida masa sabon ɗakin da ya gina a karkace yake. A wurin wani suna aka miƙo masa jariri, kowa na cewa tubarkalla, Isa ya duba ya ce kunnuwan dai na kakansa ne, Allah ya sa ya girma ya cike su. Aka daina matsa masa wuri a majalisa.

Taibatu ce ta sake taka masa birki. Ta ce gaskiya ba taɓarya ba ce da zai tsaya a bakin hanya yana maka wa duk mai wucewa. Wanda ya zo koyo wurinsa, da wanda ya tambaye shi, da wanda zai faɗa rami in an yi shiru, waɗannan su ke da hakki a kansa. Kunnen jaririn mutane ba ruwansa. Isa ya ce to ita fa, a wane layi take? Ta ce ita ta riga ta ji nata, ya isa haka sai baɗi.

Cikin biyar ɗin da suka rage, uku suka sami lasin. Ɗaya ma har ya ci gwajin Bawa, bayan ya rantse cewa a Gusau ya koya.

Zuwa Bakura shi ne abin da Isa ya yi ta ɗagawa, yau kafaɗa, gobe ba mota, har Taibatu ta ɗaure masa goro a ƙyalle ta ajiye bisa takalminsa. Ya je. Mamuda ya bar shi a zaure tun hantsi har aka kira azahar, sa'an nan ya fito cikin tsohuwar rigarsa ta gona. Aka yi gaisuwa cikakkiya, ba a rage ko ɗaya ba, amma kamar ana karanta takarda. Isa ya ce ya zo neman gafara, ya yi abin da ya yi ne don gudun ɓata masa rai.

"Da ka gaya mani tun satin farko, da na yi fushi kwana uku, in ce mijin Taiba ba ya da kunya, shi ke nan," in ji Mamuda. "Yanzu ga jakina ya tafi, ga rani guda ƙanena ya ci gonata, ga suna anka lanƙaya mani wanda ɗiyana za su gada. Raina da kake gudun ɓatawa, wa ya gaya maka nawa ne? Naka kake tattali."

Isa ya ce haka ne. Mamuda ya jira ya ji ko za a ƙara wani abu mai zaƙi, ba a ƙara ba. Ya karɓi goron, bai ce ya yafe ba, bai kuma ce bai yafe ba. Ya ce a gaida Taiba.

Shekara biyu suka wuce a haka, ana haɗuwa wurin biki da jana'iza ana gaisawa a tsaye. Aikin dam ya ƙare, tifofi suka ragu, samari suka daina mafarkin tawul, benci a makarantar Isa ya koma wurin shanyar kuɓewa. Mamuda kuwa ya karɓi filinsa ya koma abin da ya iya. Albasa ta karɓe shi rani biyu a jere, shi da ƙaninsa suka haɗa hannu suka sayi wata tsohuwar motar kaya don kai amfani kasuwa. Aka rasa direban da za a amince wa. Ƙanin ya kawo sunaye uku, Mamuda ya ture su, ya ce shi mutum ɗaya ya taɓa gani da idonsa ya murɗa mota daga kan mata bakwai da tukunyar shinkafa yana kwance bisa cinyar wani. A kira shi. Amma da sharaɗi, mai mota a gaba zai zauna.

Haka Isa ya koma tuƙi, Bakura zuwa Mafara ranar Talata, wani lokaci Maradun, tafiyar da bayansa zai iya ɗauka. Mamuda na gefensa da carbi, tun daga fita gari har shiga kasuwa bakinsa bai hutawa. Wannan giyar an makara sa ta. Wancan ramin ko makaho ya gan shi. Wa ya koya maka kwana haka? Da fari Isa na haɗiyewa, yana ganin kaffara ce. Ran nan dai a kusa da wata kwalbati Mamuda ya ce a taka kuloci a ƙara wuta, Isa ya ce masa kuloci ba ya ƙara wuta, bai taɓa ƙarawa ba, kuma in Yaya na son su isa da albasarsu ya bar mai sitiyari da sitiyarinsa. Mamuda ya ce motarsa ce. Isa ya ce ƙwarai, motarsa ce, shi ya sa ake lallaɓa masa ita.

Suka shiga kasuwar Mafara suna musu, suka tsaya a layin 'yan albasa suna musu. Masu sauke kaya suka buɗe baya suka fara jido, Mamuda ya sauko yana gaya wa dillali cewa direban nan nasa ba ya da ladabi ko kaɗan, sa'an nan ya aika a sayo musu fura kwano biyu, ya ce ta Isa a dama ta da laushi saboda haƙoransa.